Kalmar da Malam Shitu Ya Kasa Sayarwa

In ka taɓa sayen tocila ko fulas ko dutsen guga a kasuwar Sabon Gari ta Kano, ka ga wani ƙaton suna na Turanci da ruwan gwal a jikin kwalin, ba mamaki Malam Shitu ne ya raɗa shi. Sana'arsa ke nan a Guangzhou. Ɗan kasuwa zai zo daga gida, ya je masana'anta ya zaɓi kaya, ɗan China ya tambaye shi sunan da za a buga a kai, sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Daga nan sai a ce masa ya tafi benen Tianxiu ya nemi Ticha. Malam Shitu zai tambayi irin kayan da garin da za a kai su, ya ɗan lumshe ido, ya ba shi suna. Shi ne kuma mai duba rubutun kwali kafin a buga, don kada a kai wa mutane shirme gida.

Ni Hajjo ce. Tuwo nake sayarwa a wani gidan bene a unguwar Xiaobei, a lungun da ke bayan gadar sama, ɗakin Malam Shitu kuma yana ƙasa da nawa. Shekarun da ya yi a garin nan kusan duk daga tukunyata ya ci, saboda haka in na yi magana a kansa ba an ce ba ne. Kuma gara in faɗa tun yanzu, raina a ɓace nake wannan rubutu. Mutumin nan abu ɗaya ya nema a ƙarshen rayuwarsa, ya koma Bichi da ransa, ya ga matarsa Najiba da tsohuwarsa. Fasfonsa da bizarsa lafiya lau, kuɗin jirgi ba su gagare mu ba, jirgin kuma kullum sai ya tashi.

Ɗan tela ne, a Bichi aka haife shi, a can ya yi aure. Ya daɗe yana koyar da Turanci a wata makarantar sakandare, har yara suka sa masa suna Ƙamus, saboda ko tsawa zai yi maka sai ya haɗa da kalmar da za ka kwana kana nema. Cikin yaran da ya koyar akwai Sharfaddeen, wanda Turanci ya ƙi shiga kansa ko da bulala. Allah da ikonsa, shi ne ya zama Alhaji Sharfaddeen, mai ofis a Tianxiu, mai kwantena a tashar jirgin ruwa ta Huangpu, wanda duk Bahaushen da ya shiga matsala a garin nan ƙofarsa yake bugawa. Shi ya je har gida ya ɗauko malaminsa don ya riƙa yi masa tafinta. Da zama ya yi zama Malam ya tsinci yaren 'yan China daidai gwargwado, sai ya zama shi ne mai raka mutane asibiti, mai karanta musu takardar magani, mai raɗa wa kaya suna. Alhaji kuwa, duk arzikinsa, in Malam ya shigo sai ya miƙe tsaye.

Mutum ne siriri, mai tsabta har da ta ban haushi. A garin da kowa ke yawo da silifas saboda zafi, shi kullum takalmi sau ciki ne, a goge, da safa. Ba ya cin tuwo sai ya wanke hannu sau biyu. Yana da wani hali kuma, in ya samu wanda zai saurare shi, ba ya sanin tuwo na hucewa.

Wata rana da azahar Alhaji yana cin abinci a wurina, tare da Tankari, mutumin Maraɗi mai aika kaya ta jirgin sama. Alhaji ya yi odar fitila mai caji, yana neman suna. Malam Shitu, da yake gefe yana cin nasa, ya ajiye cokalin miya, ya gyara zama, ya ce yana da wata kalma da ya daɗe yana ajiye da ita, bai taɓa ba kowa ba. Ya faɗe ta a hankali, har da rarrabe mana haruffan: respair.

"Malam, mene ne kuma wannan? Ban taɓa jin ta ba," in ji Alhaji.

"Ai ba kai kaɗai ba, Turawan ma ba su san ta ba. Ka san despair?"

"Wannan kam ka sha duka na a kanta."

"To, ɗebe tsammani ke nan, fid da rai. Wannan ƙanwarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya, dukkansu daga wata tsohuwar kalmar Latin suka fito mai nufin sa rai. Yayar tana cire shi, ƙanwar tana mayar da shi. An rubuta ta can arewacin Birtaniya wajen shekara ɗari shida da suka wuce, daga nan aka daina jin ɗuriyarta, sai a babban ƙamus. A can na tsince ta ina saurayi, a laburaren makaranta. Yayar ta yi ta yawo a bakin mutane har yau, ƙanwar ta mutu tana jaririya."

Na ce masa ai mu ma muna da ita, ba farfaɗowa ba ce? Ya ce kusa dai, amma ba ita ba ce. Wanda ya suma shi ke farfaɗowa, haka shukar da ta yi yaushi in ta sha ruwa. Ba warkewa ba ce kuma, Bature yana da wasu kalmomin na wannan. Ita wannan, mutum na iya zama kwance yadda yake, ciwon bai matsa ko'ina ba, amma abin da ya mutu a zuciyarsa ya sake motsi. Ya ce sharaɗinta ɗaya ne, sai an fid da ran tukuna, sannan ya dawo. Ya juya wajen Alhaji ya ce ya duba, an ɗauke wuta, gida ya yi duhu, mace ta laluba ta kunna fitila, akwai sunan da ya fi wannan dacewa?

Tankari ya kwashe da dariya. "Ticha, Musulmi bai ɗebe tsammani ga Allah. To mi za ya dawo, tunda bai tahi ba? Wagga kalma ta masu ƙaramin imani ce, shi ya sa ta mutu."

Alhaji bai yi dariya ba, don ba ya yi wa malaminsa dariya, amma ya ce cikin ladabi matar da za ta sayi fitila a kasuwar Rimi ba ta da lokacin wannan karatu, a taimaka a ba shi suna mai Super ko Golden. Malam ya ba shi. Bayan nan na ji ya tallata kalmar ga mai fulas, ga mai takalman yara, har ga wata Hajiya mai man shafawa. Ba wanda ya saya. Aka mai da abin tsokana, in ya shigo sai a ce Ticha, yau an samu mai ɗaukar ƙanwar nan kuwa? Shi kuma ya ce tana nan, ba ta lalacewa.

Ciwon ya faro ne a lokacin nan na shekara da bango ke gumi, wanki ya kwana bai bushe ba. Na fara jin sa yana tsayawa a tsakiyar matakala, yana haki, yana yin kamar waya yake dubawa. Sai fuskarsa ta cika, ciki ya fito. 'Yan kasuwa suka yi caa a kansa da barkwanci, Ticha an fara tumbi, China ta karɓe ka, a dai riƙa tunawa da mu. Shi ma yana taya su dariya. Amma kwanonsa yadda na zuba haka yake dawowa, sai ɗan gefe da ya taɓa. Ranar da na ga Malam Shitu ya hauro da silifas, ƙafafun sun yi suntum har suna sheƙi, na gane abin ba na wasa ba ne.

Kada wani ya ɗauka ni ce mai ido. Kowa ya gani. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma fuskar nan ba ƙiba ce a kanta ba, yaro ma ya sani. Da abin ya ƙi ɓoyuwa sai aka daina tsokana aka koma dubiya. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci ɗakinsa cika yake yi, wannan ya zo da lemo, wannan da zuma, wancan da habbatus sauda. Magana kuma guda ce ba ta canzawa. Ya jiki, Malam? Da sauƙi. Allah ya ƙara sauƙi. Amin. Sai su fito, kuma da yake tagata a kan matakala take, ina jin abin da suke faɗa in sun ja ƙofa. Kai, jikin nan fa. Sai dai addu'a. Daga nan kowa ya kama hanyar shagonsa.

Ina so a fahimce ni, ban ce da sauƙi mummunar magana ce ba. Da ita aka raine mu, ni ma da ita nake amsawa, godiya ce ga Allah. Amma a gida in ka ce da sauƙi, akwai uwa ko mata a gefe da ta san yadda ka kwana, ita za ta ja mutane waje ta faɗa musu gaskiya. A nan ba kowa a gefe. Mai kai mutane asibiti shi ne ba shi da lafiya, shi kaɗai yake zuwa wurin likita, shi kaɗai yake jin abin da aka ce. Duk abin da ya fito ya faɗa mana, shi ne labari.

Wata safiya na kai masa kunu da kaina, na zauna na ƙi tashi.

"Malam, don girman Allah, me likita ya ce?"

"Ya ce a ci gaba da shan magani."

"Ni ba baƙuwa ba ce, ba dubiya na zo ba. Ranar wanka ba a ɓoye cibi."

Ya daɗe yana juya cokali a cikin kofin. Sannan ya ce zuciyar ce ta gaji, ba ta iya tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ke taruwa. Likitan ya gaya masa tun farko, in yana da niyyar komawa ƙasarsu to ya tafi yanzu, don tafiyar doguwa ce, kuma akwai lokacin da zai zo jikin ba zai ɗauki zaman jirgi ba.

Na ce to me kake jira?

"Kumburin ya ɗan sauka. Hajjo, da ƙafata na fito daga Bichi, da jaka a hannu, yara suna ɗaga min hannu. So kike a ce an kawo Shitu? Tsohuwa ta gan ni a haka? In ta gan ni a haka ita za ta riga ni."

Na ce gara ta gan shi a haka da ta ji labari. Ya ce in yi haƙuri, in rufa masa asiri, sauƙi na nan tafe.

Ban rufa ba. A ranar na bar tukunya a hannun mai taya ni aiki na tafi Tianxiu. Na samu Alhaji Sharfaddeen a ofis, kwalaye sun kewaye shi har rufi, na faɗa masa duk abin da na ji, na ce ya saya wa Malam tikiti a satin nan, ya je da kansa ya ce masa ya tashi.

"Hajjo, bakinki ya sari ɗanyen kashi," in ji shi. Sai kuma ya sassauta murya. "Kin san abin da kike cewa kuwa? Ni, Sharfaddeen, in buɗe baki in ce wa malamina a mai da shi gida?"

Na san abin da yake nufi, duk Bahaushe ya sani. A wurinmu in an ce a mai da marar lafiya gida, an gama ke nan. Magana ce da ake yi a bakin asibiti, a ƙasa-ƙasa, bayan an fid da rai. Wanda ya fara furta ta kamar shi ya yanke hukunci. Alhaji ya ce in Malam ya nema da bakinsa, ko yau ne zai saya, har da wanda zai raka shi. Amma shi ba zai yi masa mugun fata ba. Na ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ya ce rai da ajali na Allah ne. Na ce ban musa ba, amma ɗebe tsammani daga rahamar Allah daban, faɗa wa mutum ƙafarsa ta kumbura daban. Ya ɗauki wayarsa ya fara dannawa, na gane an sallame ni.

Sai na nemi lambar Najiba. Na ɗauka ba ta sani ba, don in za su yi waya ta bidiyo yakan sa hula, ya jingina da bango, ya nuna fuska kawai. Na fara kewaye-kewaye, ta katse ni.

"Yaya Hajjo, na sani. Shekara nawa ina tare da mutumin nan? Ina jin numfashinsa a waya. Ce masa nake ya yi ƙiba don ya ji daɗi."

"To ki ce ya dawo mana."

Ta fashe da kuka. Ta ce kullum da maganar take kwana, amma in ta kira shi sai bakinta ya yi nauyi. In ta ce ya dawo, zai ji kamar ta sallama shi ne. Kuma in wani abu ya faru a hanya, dangi za su ce ita ta kira shi. Na tambaye ta me take gaya wa tsohuwa. Ta ce me kuwa za ta ce, cewa take da sauƙi.

Haka muka zauna, daga Bichi har Xiaobei, kowa ya sani, kowa na jiran wani ya fara. Na koma wajen Malam ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, har ya fara kulle ƙofa in ya ji takuna. Maza suka ce na cika baƙin baki, wasu suka daina zuwa cin tuwo. Tankari ya ce mini, Hajjo, bar mutum da Ubangijinshi. Ban taɓa jin haushin mutanena irin na lokacin nan ba, kuma mutanen kirki ne, ba wanda ba ya ƙaunarsa. Damina ta shigo, ana ta loda kaya, kwali bayan kwali da sunayen da ya raɗa suna tafiya Kano, shi yana zaune a kan kujera don kwanciya ta fara gagararsa.

Jiki magayi. Wata la'asar ya matsa wa kansa zai je duba wani rubutu a Tianxiu, ya faɗi a kan gadar sama. 'Yan China masu wucewa ne suka kira motar asibiti. Aka kwantar da shi, aka zuƙe ruwan da za a iya zuƙewa, aka sa masa robar iska a hanci. Muna tsaye a kansa ni da Alhaji da ya buɗe ido. Alhaji ya sunkuya zai yi gaisuwar da aka saba, Malam ya riga shi.

"Sharfaddeen." Haka ya kira shi, ba Alhaji ba, kamar a aji. "Ba na jin zan tashi. Ka kai ni gida."

Alhaji ya fita waje ya yi kuka kamar yaro, kafin magariba kuma ya sayi tikiti biyu, nasa da na Malam. Abin da na yi watanni ina roƙo, bai ɗauki sa'a guda ba.

Abin da ya biyo baya shi ya fi tsaya mini a rai. Tun da ya furta maganar nan, mutumin ya canza. Aka sallame shi ya dawo ɗaki, ciwon na nan, hakin na nan, amma ya ce in yi masa tuwon shinkafa miyar kuka, kuma ya ci. Ya kira Najiba ya cire hula, ya nuna mata ƙafafun, suka yi kuka tare, suka koma dariya. Ya ce ta share ɗakin da ke kusa da na tsohuwa. Ya fara lissafa mini wanda zai fara gani da inda zai sa a shimfiɗa masa tabarma da hantsi, gindin wata bishiyar darbejiya a ƙofar gidansu. Na ce Malam, yau kai ne da surutu haka? Ya yi murmushi ya ce, kin ga abin da nake ta gaya muku ba ku saya ba? Ita ce wannan. Ya ce shekara da shekaru yana tallar kalma, ashe shi ma bai san ɗanɗanonta ba sai yanzu.

Matsala ɗaya ce. Likitan ya ƙi rubuta takardar da ke nuna zai iya tafiya a jirgi. Ya ce lokacin da ya yi magana ya wuce. Alhaji ya roƙa, ya kai wani ya roƙa, likitan ya ce ba zai sa hannu a kan abin da ba haka yake ba. Sai muka yi shawara irin tamu ta 'yan kasuwa, waɗanda suka saba duk abin da aka ce babu, in ka daɗe a tsaye kana magana mai daɗi sai ya zama akwai. Aka ce a tafi haka nan. Ba za a nemi keken marasa lafiya ba don kada a ja hankali. Za a sa masa babbar riga ta rufe cikin da ƙafafun, ya daure ya taka daga ƙofa zuwa kanta. In ya shiga jirgi ai shi ke nan.

Tankari ya karɓi akwatunansa ya tura ta jirgin kaya tun kafin ranar, don kada a wahala da su. Sauran abin da ke ɗakin Malam ya rabar, yadda mai barin gari yake yi. Katifa ya ba Tankari, fanka ya ba wata maƙwabciyarmu Mariam, ni ya ba ni butar shayi da 'yar tukunyar lantarki. Labule, bokiti, darduma ta biyu, kujerar da yake kwana a kai, duk ya samu wanda ya ba. Ya bi mutane yana neman gafara. Ya miƙa wa mai gidan, wata 'yar China, makulli, ya yi mata godiya da yarensu, har ta yi ƙwalla.

Da azahar muka isa filin jirgin Baiyun, ni da Alhaji da Tankari da shi. Ya taka, wallahi ya taka, yana riƙe da hannun Alhaji kamar hira suke yi. Amma filin jirgin nan ba ƙarami ba ne. Kafin mu kai kanta leɓensa ya canza launi, ana jin numfashinsa daga nesa. Yarinyar da ke karɓar fasfo ta dube shi, ta sake dubawa, ta ɗauki waya. Wani babba ya zo, tare da wata mai farar riga. Ta maƙala masa wani ɗan abu a yatsa, ta dubi lambar da ya nuna, ta girgiza kai. Babban ya tambayi takardar likita.

Alhaji ya fara. Laoban, wato maigida, ka taimaka. Ya ce gajiya ce, ya ce azumi yake, ya ce zai sa hannu duk abin da ya faru a wuyansa. Tankari ya ce a sake biya, a sayi na gaba mai kujerar kwanciya. Mutumin bai yi faɗa ba, bai wulaƙanta mu ba, sai maimaita kalma ɗaya yake, meiyou, babu. Babu takarda, babu tafiya. Malam da kansa ya yi masa magana da yarensu, a hankali, yana tsayawa yana jan iska tsakanin kalma da kalma. Mutumin ya saurare shi har ƙarshe, ya ce in ya bar shi ya hau, a sama zai mutu, ba inda za a sauke shi. Ya miƙo fasfo da hannu biyu.

Muka shiga mota muka koma Xiaobei. Da muka iso na hau na roƙi mai gidan ta dawo da makulli. Muka buɗe ɗakin, ba komai a ciki sai ƙusoshi a bango. Kayan sawarsa suna hanyar Kano, ba shi da ko riga sai wadda ke jikinsa. Ya jingina da bango ya sulale ya zauna a ƙasa cikin babbar rigar.

Kafin isha labari ya zaga lungun. Tankari ne ya fara shigowa da katifa a ka. Sai Mariam da fanka. Sai mai bokiti, sai mai labule, sai mai kujera, kowa ya ajiye a inda abin yake a da, ya fita kansa a ƙasa. Ni ma na sauko da butar shayin. Malam yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, da kun bar su, kujerar kawai nake bukata.

A kan kujerar nan ya ƙarasa kwanakinsa. Bai ƙara neman tuwon shinkafa ba, bai ƙara zancen Turanci ba, kuma kafin damina ta ɗauke ya rasu, a nan aka yi masa sutura. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Amma a yammacin da muka dawo daga filin jirgi, muna cikin mayar da labule, wayarsa ta yi ƙara. Najiba ce. Ita a saninta yana gab da shiga jirgi, ta kira ne ta yi masa fatan sauka lafiya. Ya dubi wayar har ta katse. Ta sake kira. Ya miƙo mini ita.

"Hajjo, ke kika iya. Faɗa mata."

Na ɗauka na kara a kunne. Kafin ta yi magana na ji gidan a cike, mata na hayaniya, ana daka a turmi. Can na ji muryar tsohuwa tana tambaya, ya taso? Ki ce masa na sa an yi masa fura.